Abin da Ƙwaƙwalwar Ɓera Ta Koya Mana Game da Gubar Dalma

Manomin da ɓera ya kwana yana yi wa ɓarna a rumbu, a Tsafe ko a Bungudu, da wuya ya yarda cewa akwai masanan da suka yi furfura suna kiwon wannan dabba, suna ba ta abinci a kan lokaci, suna leƙa abin da ke cikin kanta. To akwai su, kuma abu mai yawa da likitoci suka sani a yau game da yadda yaro yake koyo, daga ƙwaƙwalwar ɓera aka fara gano shi. Mu mutanen Zamfara muna da dalilin da ya fi na kowa na kasa kunne.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai ɗan giɓi, wanda sai an tsaga silin gashi sau dubbai kafin a kai siririntarsa. Wannan wuri shi ne mahaɗa. Ƙwaya ɗaya ta saki sinadari, ɗayar ta cafe shi da wasu 'yan ƙofofi da ke jikinta. Duk lokacin da yaro ya maimaita karatun allo har ya zauna masa, wasu mahaɗu ne suka ƙara ƙarfi.

Sai dai ƙofofin nan ba za su tsaya a inda ake buƙatarsu haka kawai ba. Kamar rumfar kasuwa ce, in babu dirka, zana ba ta zama a sama. A 1992, Mary Kennedy da abokan aikinta a Kaliforniya ta Amurka suka ware wani furotin daga ƙwaƙwalwar ɓera, aka sa masa suna PSD-95. Aikinsa shi ne riƙe ƙofofin da ke gefen mai karɓar saƙo, musamman wadda ake kira NMDA, ƙofar da koyo da hadda suka dogara da ita. A 1996 kuma, Yutaka Hata da Thomas Südhof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2013, suka gano wani ɗan'uwansa, CASK, shi ma a ƙwaƙwalwar ɓera. Wannan yana da aiki biyu: dirka ne, kuma yana iya liƙa wa wani furotin ɗan sinadarin fosfet, kamar mai danna makunni. Shekaru aka yi ana ɗauka wannan aiki na biyu a mace yake, sai a 2008 aka nuna cewa yana yi, ta hanyar da ta sha bamban da ta sauran danginsa.

Kowane furotin yana da ƙwayar gado da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Da masana suka cire ta CASK daga jikin ƙananan ɓeraye, 'ya'yan ba su wuce kwana guda da haihuwa ba. A jikin mutum ma akwai ta, kuma idan ta samu tangarɗa akan haifi yarinya da ƙaramin kai, ta yi jinkirin zama da tafiya da magana. Wannan ba ya da yawa, kuma ba laifin uwa ba ne ko na uba. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ke shigowa mahaɗa daga waje, wadda hannunmu ne yake kawo ta gida.

A farkon 2010 agwagi suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka biyo baya: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai mutuwa. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka ga yawan sababbin kaburburan yara, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinariya da ake kawowa gida ana dakawa a turmi, ko a niƙa a injin, cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida gida, kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Jinin wasu ya wuce iyakar abin da na'urar gwaji take iya aunawa. Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da abin ya shafa, ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013.

An ƙirga waɗanda suka rasu. Waɗanda suka rayu fa? A nan ne ɓera ya sake shigowa. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin kalsiyam, sinadarin da mahaɗa take aiki da shi, don haka ya buɗe mata hanya har cikin ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna tana toshe ƙofar NMDA ɗin nan da PSD-95 yake riƙe da ita. Ƙofa tana nan, dirka tana nan, amma saƙo ba ya wucewa yadda ya kamata, kuma a daidai shekarun da ake kafa mahaɗun. Yaron zai tashi da ƙafafunsa, ya yi wasa, ya ci abinci. Sai ya shiga makaranta a ce daƙiƙi ne, ko a ce ba ya jin magana, a bi shi da bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Maganin da aka ba yara bayan an gano gubar a 2010 yana fitar da dalma daga jini, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace.

Akwai dai ɗan haske. A 2003, Tomás Guilarte da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka raba ɓerayen da aka shayar da dalma gida biyu. Waɗanda aka ajiye su kaɗai a keji suka kasa koyon hanya. Waɗanda aka haɗa da 'yan'uwansu, da kayan wasa da wurin hawa da sauka, suka koya kamar ba su taɓa shan guba ba. Ɓera ba mutum ba ne, kar a ɗauki wannan a matsayin magani. Amma a ganina ya isa hujjar cewa yaron da ya tsira daga dalma hira yake buƙata, da wasa, da malami mai haƙuri.

Kada mutumin Gusau ya ce abin na can yamma ne. An sake ganin irinsa a Jihar Neja a 2015. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, an ɗage hanin a ƙarshen 2024, ramuka kuma ba su daina cika da matasa ba. Sannan dalma ba a dutsen zinariya kaɗai take ba. Tana cikin tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gida, kuma kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai sau da yawa dutsen dalma ne tsantsa.

Mai zuwa haƙa, ka bar dutsen a can, ka wanke jiki ka sauya kaya kafin ka ɗauki ɗanka. Kada a niƙa dutse a injin da ake niƙa hatsi, ko a daka shi a turmin girki. Uwa, ki bar idon jariri ba kwalli. Idan kuma yaro yana jijjiga ko amai a gidan da ake harkar dutse ko batir, ku faɗa wa likita sana'ar gidan tun kafin ya tambaya, ku nemi a gwada jininsa.