Ciwon Fuskar da Iskar Hunturu ke Tayarwa

Idan hunturu ya kankama a Daura, kowa naɗe fuska yake yi da mayafi kafin ya fita sallar asuba. Amma akwai wanda tsoronsa ya wuce na sanyi. Iska ƙalilan ta shafi kumatunsa, sai ya ji kamar an jona masa wayar lantarki daga gefen hanci har kunne. Yakan ƙame wuri ɗaya, hannu a sama, ya kasa taɓa wurin. Daga daƙiƙa kaɗan zuwa minti 2 abin ya sake shi, sai kuma ya dawo.

Matsalar tana jijiyar da likitoci ke kira tirajeminal, mai rassa 3: na goshi, na kumatu, da na muƙamuƙi. Galibi jijiyar jini ce ke danne ta a gindin ƙwaƙwalwa har rigarta ta goge. Tun 1773 likitan Ingila John Fothergill ya bayyana ciwon. Ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 50, kuma kusan kullum ɓari ɗaya na fuska yake riƙewa.

Wahalar tana cikin ƙananan abubuwa. Ruwan alwala, asuwaki, tauna goro, aski, duk suna iya tayar da shi. Dattijuwa ta bar tuwo ta koma kunu mai ɗumi, tana kurɓa ta gefen da ke lafiya. Gaisuwar nan tamu mai tsawo ma ta gagare ta, sai ɗaga hannu, maƙwabta kuwa su ce girman kai ya shige ta.

Da yawa sun ɗauka haƙori ne. A je wurin wanzami ko asibiti a cire ɗaya, a cire biyu, ciwo na nan daram. Wasu su ce shafar iska ce, a koma hayaƙi da rubutu. Farasitamol kuwa ko gezau.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne Carbamazepine, wanda asalinsa na farfaɗiya ne, shi ya sa wasu ke ɓoye kwalinsa don gudun tsegumi. Yana sa jiri da barci, wani lokaci ƙuraje masu haɗari, don haka sai da likita. Idan ya daina aiki, akwai tiyatar raba jijiyoyin biyu, sai dai likitocin ƙwaƙwalwa suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Malam Aminu Kano da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutumin Daura ko Mai'aduwa da zai je can, ban da kuɗin mota, sai ya roƙi direba ya rufe gilashin gefensa.