Najeriya A Gasar Ƙanƙara: Ƙarfin Da Ake Nema Yana Nan Gida

Ranar 9 ga Fabrairu, 2018, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Ngozi Onwumere ta shiga filin bikin buɗe gasar Olamfik ta lokacin sanyi tana riƙe da tutar Najeriya. Tun 1924 ake wannan gasa, daga garin Chamonix na Faransa, amma sai a wannan rana aka ga tutarmu a cikinta. Najeriya babbar ƙasa ce a yawan jama'a, a wannan fagen kuwa ko rarrafe ba ta fara ba. 'Yan wasanta huɗu ne kacal, dukansu mata: Seun Adigun, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a tseren keken ƙanƙara da ake kira bobsiled, sai Simidele Adeagbo a wanda ake kira sikelitin.

A Anacha, inda ƙanƙara ba ta wuce ƙatuwar dunƙulen da mai sayar da lemo ke fasawa ya zuba a kula ba, dole mutum ya tambaya yadda aka yi 'yan ƙasa mai zafi suka samu shiga. Amsar tana cikin yadda wasan yake.

Keken bobsiled doguwar kwalfa ce mai ƙafafun ƙarfe huɗu masu santsi, ba inji, ba taya. Na mata, mai cin mutum biyu, ya haura kilo 160 tun ba kowa a ciki. Ana sakinsa ne a wata kwata ta siminti da aka daskarar da ruwa a jikinta, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, tana gangarawa tana lanƙwasa. Ta Pyeongchang kwana 16 gare ta. Kafin a kai ƙasa gudun yakan wuce kilomita 120 a awa. Ta gaba ita ce direba, tana jan wasu igiyoyi biyu don karkata ƙafafun gaba. Ta baya ba ta taɓa birki sai an tsallake layin ƙarshe. Sau huɗu ake gangarawa cikin kwana biyu, a haɗa lokutan, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu ba ta kai ƙiftawar ido ba.

To ina gudun yake samo asali tunda babu inji? Daga turi. A mita 50 na farko 'yan wasan suna ƙasa, sanye da takalma masu ƙananan ƙusoshi, suna ingiza keken da dukan ƙarfinsu na kamar daƙiƙa biyar, sannan su faɗa ciki. Masu horarwa sun daɗe da lura cewa ɗan jinkirin da aka yi a nan yakan ninka har sau uku kafin a kai ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar kasuwar Anacha da hantsi, ya ga mai baro ya ɗora dilolin atamfa sun fi shi tsawo, ya sunkuya, ya kafa yatsun ƙafa, ya fizgi kayan daga tsaye cak har suka ɗauki hanya, to ya ga rabin wannan wasa. Cinya ce da ƙugu da iya tashi farat ɗaya. A busasshiyar ƙasa ake gina su, ba a kan ƙanƙara ba.

Shi ya sa manyan ƙasashe ma daga filin guje-guje suke ɗebo masu turi. Vonetta Flowers ta Amurka, baƙar fata ta farko da ta ci zinare a gasar sanyi a 2002, 'yar tsalle ce da gudu tun asali. Wadda ta ci zinaren mata a Pyeongchang ɗin kanta, Mariama Jamanka ta Jamus, mahaifinta ɗan Gambiya ne, kuma daga wasan jifa ta fito. Namu ma haka. Seun Adigun ta zama zakarar Afirka a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2010, ta kuma wakilci Najeriya a Landan a 2012. Ngozi Onwumere ta ciyo wa Najeriya lambobi a wasannin Afirka na Brazzaville a 2015. Akuoma Omeoga ta yi gudu a Jami'ar Minnesota.

Abin da ya fi burge ni a labarinsu shi ne farkonsa. A birnin Houston na jihar Texas, inda ita ma dusar ƙanƙara baƙuwa ce, Adigun ta sayi katako ta harhaɗa keken gwaji da hannunta, ta sa masa suna Maeflower don tunawa da 'yar'uwarta da ta rasu. Shi suka riƙa turawa a filin motsa jiki. Kuɗin tafiya kuwa, a intanet suka roƙa, aka tara musu dala 75,000, daga baya kamfanoni irin su Visa da Under Armour suka shigo. Sai da aka kafa hukumar wasan a Najeriya tukuna, domin ba a karɓar ɗan wasa sai da hukumar ƙasarsa. Suka kammala tsere biyar da ake buƙata, na ƙarshe a Calgary ta Kanada cikin Nuwamba 2017. Simidele Adeagbo kuwa, tsohuwar 'yar tsalle mai shekara 36, a watan Satumba na 2017 ta fara hawa sikelitin, wato faifan da ake kwanciya rub da ciki a kai, kai a gaba, haɓa na neman taɓa ƙanƙara. Wata biyar bayan nan tana Olamfik.

Sakamakon bai yi daɗi ba, kuma ba amfanin ɓoyewa. Adeagbo ta zo ta 20 cikin 20. Keken Adigun ma shi ne a ƙarshe, sai da aka kori 'yar Rasha saboda ƙwaya mai ƙara kuzari suka koma na 19. Turi yana kai mutum bakin ƙofa, amma tuƙi sai an shekara ana gangarawa, ga shi duk faɗin Afirka babu irin wannan kwata ko ɗaya. Wasu sun riga mu ɗanɗana wannan: Lamine Guèye na Senegal a Sarajevo a 1984, 'yan Jamaika a Calgary a 1988, da Philip Boit na Kenya a Nagano a 1998, wanda ya zo ƙarshe amma zakaran tseren, Bjørn Dæhlie na Norway, ya tsaya a bakin layi har ya iso ya rungume shi.

Bayan 2018 sai aka rufe wata ƙofa. A da ana ware wa kowace nahiya gurbi a waɗannan wasanni, aka soke shi kafin gasar Beijin ta 2022. A ganina wannan hukunci bai yi adalci ba, domin an sa wanda sai ya ƙetare teku kafin ya yi atisaye a ma'auni ɗaya da wanda kwatar ke bayan gidansu. Adeagbo ta ci tseren keke mai mutum ɗaya a Winterberg ta Jamus a Janairun 2022, duk da haka ba ta samu gurbi ba. Ba ɗan Afirka ko ɗaya a wasannin keken ƙanƙara a Beijin. Mutum ɗaya ya wakilci Najeriya, Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, a tseren sulu na dogon zango.

A nan ne maganar ta shafi mazauna kudu irinmu. Adigun a Chicago aka haife ta, Onwumere a Texas, Omeoga a Minnesota, Adeagbo a Toronto. 'Ya'yan baƙi ne da iyayensu suka je neman arziki, suka tashi a wata ƙasa ba su yar da sunan gida ba, gida kuma ya karɓe su hannu bibbiyu. Bahaushen Bida Road a Anacha, ko na Ama Hausa a Inugu, ko na Fatakwal, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Yana da ɗa da aka haifa a nan, yana jin Ibo kamar Hausa, ya girma yana sauke buhunan albasa da wake a Ose Okwodu. Amma idan aka zo zaɓen 'yan wasa ko neman gurbin karatu, sau da yawa takardar asalin jiha takan tsaya masa a gaba: inda aka haife shi ana ce masa baƙo, garin kakanninsa kuma ba a san fuskarsa ba. Ƙasar da ta iya miƙa hannu har Amurka ta ɗauko 'ya'yanta ba ta da hujjar kasa ganin wanda ke gindin gadar Neja.

Kuma an riga an gwada cewa daga gida ma ana iya farawa. Matasan Najeriya da suka je Olamfik ta matasa a Gangwon a 2024, a wasan kalin da ake tura dutse mai santsi zuwa da'ira, a kan daɓe suka koyi wasan a Legas. A wannan gasa ɗan Tunisiya Jonathan Lourimi ya ci azurfa a keke mai mutum ɗaya, bayan horon da Koriya ta Kudu ta ba matasan ƙasashen da ba su da ƙanƙara. Yankinmu na kudu maso gabas kuma ba baƙon gudu ba ne: shi ya fitar da Chioma Ajunwa, mai zinaren tsalle a Atlanta a 1996, da Mary Onyali, da Innocent Egbunike.

Gwajin turi ba ya cin kuɗi mai yawa. Keken katako mai taya ne, da agogo, da fili mai mita 50, ga filin wasa na Chuba Ikpeazu a Anacha, ga na Nnamdi Azikiwe a Inugu. Muna kira ga hukumar wasan da ta kawo gwajinta waɗannan garuruwa, ta buɗe shi ga kowane yaro ba tare da tambayar jiharsa ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kuma, idan ranar ta zo, su sanar a masallatai da rumfuna, su tura yaran.