Gaskiya ko Jita-jita: Me ke Fasa Gudron da Daɓen Siminti a Bakin Titin Takeita?

Takeita, mazaunin ƙaramar hukumar Garagumsa, gari ne na mararraba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Maraɗi da Tasawa, ta nan take ratsawa kafin ta shiga Damagaram, kilomita kamar 50 ta gabas. Daga nan ne kuma hanyar Matamai take ɓallewa ta yi kudu, ta nufi Ɗan Barto da Daura da Kano. Duk wanda ya kafa gidan mai ko sito ko jerin kantuna a irin wannan wuri ya san ƙofarsa ba ta hutawa da tayar mota. Ya kashe kuɗi ya zuba gudron ko ya yi daɓen siminti, kafin damina biyu ko uku sai ga tsaga. Daga ranar kowa ya zama malaminsa, mai gini da direba da maƙwabci, kowa da fatawarsa. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa su ne ma suke ƙarasa daɓen.

"An saci siminti"

Wannan ce ta fi yawo, kuma ta ɓata tsakanin masu wuri da magina da dama. Ana ha'inci a aikin gini, babu mai musun haka, kuma kwaɓin da aka rage wa siminti yana da alamarsa: samansa yana gari, tsakuwa tana fitowa, ƙusa ma tana karce shi. Amma doguwar tsaga guda da ta ratsa daɓe mai ƙarfi ba shaidar sata ba ce.

Kankare yana tsukewa idan ruwan cikinsa ya fita. Daɓe mai tsawon mita 10 zai iya tsukewa da kusan rabin santimita, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma tana riƙe da shi, ba ta barinsa ya ja jiki. Kankare yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja, sai ya tsage a inda ya fi rauni. Ƙara siminti ba ya hana wannan, yakan ma tsananta shi, domin simintin da ruwan su ne suke tsukewa, tsakuwa tana nan yadda take. Ruwa ne babban mai laifi. Leburori suna son kwaɓi ruwa-ruwa don ya yi saurin bazuwa, alhali tun 1918 wani masani ɗan Amurka mai suna Duff Abrams ya nuna cewa gwargwadon yawan ruwa a kan siminti, gwargwadon raguwar ƙarfin kankare. Buhu mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da jarka ɗaya mai lita 25 ba, har da damshin da ke cikin yashin. Rairayin jigawa mai laushi da ya cika ƙasar nan yana jan ruwa da yawa, shi ya sa yashin ƙorama mai gautsi ya fi shi. Kafin a sayi mota guda, a zuba ɗan yashin a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a sama, a nemi wani.

Tunda tsagar ba ta da makawa, masu sanin aikin sukan zaɓa mata wurin fitowa. Ana yanka layuka a daɓen a ranar da aka zuba ko washegari da sassafe, zurfin yankan ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na kaurinsa, tazarar layi da layi kuma ta zama ninki 24 zuwa 30 na kaurin. Daɓe mai kaurin santimita 15 ke nan yana son yanka mai zurfin santimita 4 a kowane mita 4 ko kusa da haka. Sai tsagar ta bi ƙarƙashin layin a miƙe, inda za a iya toshe ta. Na sha ganin mai wuri yana hana yankan don yana son daɓensa sumul, daga baya ya zo yana zagin magini. Rodi ma da ake cewa yana hana tsagewa, aikinsa shi ne riƙe bakin tsagar kada ta buɗe, kuma sai an ɗaga shi ya zauna a cikin kankaren. Wanda aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba kwaɓi a kansa asarar ƙarfe ne.

"Rana ce ke sa siminti ya yi ƙarfi"

Ƙarya ce, kuma mai tsada. Siminti yana ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa, haɗuwar da take ɗaukar makonni, shi ya sa injiniyoyi suke auna ƙarfinsa a kwana 28. In ruwan ya gudu a kwana biyun farko, aikin ya tsaya ke nan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce 40 a ma'auni, ko a cikin hunturu da busasshiyar iska ke kaɗawa, saman kwaɓin yakan bushe tun bai kama ba, sai ka ga ƙananan tsagu sun fito tun magini bai wanke cebur ba. Iskar hunturu ta fi yaudara, don mutane suna jin sanyi suna zaton lokacin ya yi kyau.

Iyayenmu mata da suke daɓen ɗaki da madaɓi sun san wannan: ba a barin daɓe ya bushe farat ɗaya, ana bi ana yayyafa masa ruwa ana bugu. Daɓen siminti ma haka yake so. A zuba shi da yamma ko da asuba, a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙun buhuna ko jiƙaƙƙen yashi, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Na san ruwa yana da tsada a wannan yanki, kuma ba kowa ke da famfo ba, amma leda tana rage yawan ruwan da za a saya ƙwarai. Babbar mota kuwa kada ta hau sai ya yi mako uku zuwa huɗu.

"Ƙasarmu ba ta da ruwan da zai ɓata gudron, rana ce kawai"

A nan akwai rabin gaskiya. Rana tana tsufar da gudron: man da ke cikinsa yana ƙafewa, baƙinsa ya koma toka-toka, ya daina lanƙwasa. Da rana ya buɗe, da dare ya tsuke, kullum haka, har ya tsage. To amma tsagar rana ba ta kashe fili. Abin da ke kashe shi yana zuwa ne a watan Agusta.

Ruwan da Damagaram take samu a shekara yana kai-komo a wajen milimita 400, kaɗan ne in an gwada da Kano. Sai dai kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Gudron ɗin da muke gani fata ce kawai ta santimita kaɗan, marmarar da aka danne a ƙarƙashi ita ke ɗaukar nauyi. Busasshiyar marmara ƙarfi gare ta, jiƙaƙƙiya kuwa sai ta saki. Ruwa ya bi tsaga ya shiga, mota ta taka, ruwan ya tsartso waje ɗauke da laka, wurin da lakar ta fito ya zama kogo. Taka ta gaba sai gefen tsagar ya karye ya faɗa ciki. Haka rami yake samuwa, kuma mako biyu na ruwa sun isa. Wanda ya ga jan ruwa yana ɓulɓulowa daga tsaga in mota ta wuce, to ƙarƙashin filinsa ne yake fita.

Saboda haka kafin a tambayi da me za a toshe tsaga, a fara duba ina ruwa yake zuwa. Fili yana son gangara ta santimita 2 a kowane mita, ta nufi lambatu. Indararon da ke zubo ruwan rufin sito a gindin daɓe ya fi kowace rana ɓarna, kuma gyaransa bututu ne guda. Haka gefen da aka bari ba kariya, ruwa yana zaizaye ƙasar ya bar bakin gudron a rataye. Saiwar dogon yaro ma tana ɗaga daɓe, amma ban ga dalilin sare itace a ƙasar da inuwa take da daraja irin tamu ba. A bar masa fili a gindi, a kewaye shi da pabe wanda za a iya cirewa a mayar.

"A zuba baƙin mai, yana raya gudron"

Kada a yi. Man da aka juye daga inji da gazuwal duk dangin gudron ne, daga ɗanyen mai guda suka fito, don haka narkar da shi suke yi. Wurin yakan yi baƙi ya yi sheƙi na kwana kaɗan, sannan tsakuwar ta saki. Dalilin ke nan da ake yin kankare a gaban famfunan gidan mai da wurin juye mai. Ban da haka, wannan man yana nutsewa cikin ƙasa, mu kuwa rijiya muke sha.

Cusa kwaɓin siminti a tsagar gudron ma ba ya ɗorewa. Gudron yana motsi da zafi da nauyi, siminti ba ya motsi, sai ya farfashe ya fita, ya bar tsagar ta fi da faɗi.

"A shafe shi da sabo a huta"

Ya danganta da irin tsagar, kuma a nan ne ya kamata mai wuri ya durƙusa ya duba da idonsa kafin ya biya kowa. In tsaga ɗaya ce doguwa, faɗinta daga milimita 3 zuwa santimita 2, gefunanta daidai suke ba wanda ya nutse, to ƙarƙashin lafiya lau yake. A kankare ta da burushin waya, a hure ƙurar sarai, a tabbata ta bushe, a ɗura mata narkakken gudron mai haɗin roba ko ruwan gudron da ake zubawa ba a dafa ba, a barbaɗa yashi don kada taya ta kwashe. Ƙurar nan ita ke kayar da yawancin gyara a ƙasarmu, domin gudron ba ya kama ƙura.

In kuwa tsagun sun yi saƙa, ƙanana-ƙanana a haɗe a daidai inda taya ke bi, abin da injiniyoyi ke kira fatar kada, to marmarar ce ta gaza. Duk abin da aka shafa a sama, tsagun za su sake ɓullowa a inda suke. Sai an yanke wurin murabba'i har a ɗan shiga cikin mai lafiya, a kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar, a zuba sabuwar marmara kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa a danne da inji, a shafa gudron a gefunan yankan, sannan a cike.

A daɓen siminti, a ƙwanƙwasa gefen tsagar da guntun rodi. In ya yi amo irin na wofi, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, akwai kogo a ƙasa, fasawa za a yi a sake wannan yankin. In ba haka ba, a ɗan liƙa siririn kwaɓi a gicciye a kan tsagar a bar shi mako biyu. In ya tsage, tsagar tana motsi, sai a faɗaɗa bakinta da injin yanka a cike ta da abin toshi mai laushi irin na roba. In bai tsage ba, ta tsaya, gam mai tauri zai riƙe ta.

"Mota ai mota ce"

Wannan ta masu sito ce da masu sayen hatsi da wake. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan hanyoyin gwaji har suka lalace. Abin da aka gano, a ƙiyasce, shi ne in nauyin da ke kan aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, ya ninka biyu, ɓarnarsa tana ninka 16. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade tan 12 ga aksul guda mai tayoyi bibbiyu. Wanda ya ɗora tan 16 a kansa yana ganin ƙari kaɗan ya yi, amma ɓarnar ta haura ninki uku. Tirela guda mai lodi tana cin fili fiye da dubban ƙananan motoci. Kuma ta fi ɓarna a inda take tsayawa ko juya kai, musamman da tsakar rana in gudron ya yi laushi. Filin da aka yi wa ƙananan motoci ba zai ɗauki tirela ba, komai yawan toshin da aka yi masa. A ware wa manyan motoci hanyar shiga da wurin sauke kaya, a yi musu kankare mai kauri ko pabe a kan marmarar da aka danne da kyau.

"A bari sai bayan damina"

Babban facin da ke buƙatar tono zai iya jiran rani, gaskiya ne, don ba a danne jiƙaƙƙiyar ƙasa. Toshin tsaga kuwa ba ya jira, tunda daminar ce ake gudu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, wajen Fabrairu da Maris: ƙasa a bushe take, zafi bai kai ya matse bakin tsagar ba. A yi aikin da safe. A ƙarshen Mayu a sake zagaya filin a toshe wadda ta buɗe, a share lambatu. Ranar da aka yi ruwan farko mai yawa kuma, mai wuri ya fito da alli ko fenti ya zagaye duk inda ruwa ya kwanta bayan an ɗauke, domin wuraren nan ne zai nuna wa magini a watan Oktoba.