Man shanu a ɗakin gwaje-gwaje

Mai cin kasuwar Karaye ko ta Rogo ya san yadda ake gwada man shanu: a lakato da yatsa, a shinshina, a ɗanɗana. Hanci kan tona asirin man da ya kwana biyu. Kolesterol kuwa ba shi da wari ko ɗanɗano, sai ɗakin gwaje-gwaje.

A can, matakin farko ba baƙo ba ne ga macen da ta taɓa dafa sabulun salo. Ana dafa man da sinadarin fotash, ɗan uwan ruwan toka, har kitsen ya koma sabulu. Kolesterol ba ya zama sabulu, don haka sai a tsamo shi da wani ruwan sinadari.

Daga nan hanya ta rabu. Tsohuwar dabara ita ce ta Liebermann da Burchard, Jamusawa biyu na ƙarshen ƙarni na 19: a ɗiga asid mai ƙarfi, dangin ruwan batir, ruwan ya rikiɗe kore, na'ura ta auna duhun launin. Tana da arha, amma tana da makanta. Tsirrai ma suna da sinadarai masu kama da kolesterol, su ma suna ba da launin. Ke nan a zuba man gyaɗa tsantsa, gwajin ya yi masa ƙazafi.

Na'urar kuromatogirafi ta iska ce ke raba gardama. Takan mayar da samfurin tururi, ta kora shi cikin siririn bututu mai tsawo, kowane sinadari ya fito a lokacinsa. Da irin wannan awo aka san giram 100 na man shanu yana ɗauke da kusan miligiram 215, babban ƙwai guda kuma 186, duk a cikin gwaiduwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne na'urar tana kama algus. In aka ga sinadaran tsirrai a man shanu, to an surka shi da man girki. Wannan kariya ce ga Bafulatanar da ke kiwo a gefen madatsar Challawa, wadda ke kawo nata zalla.

Saboda haka, mai karatu, in ka ga “babu kolesterol” a jikin jarkar man gyaɗa, kada ka ƙara ko kwabo. Gyaɗa ba saniya ba ce.