Burtalin Namun Daji da Haƙƙin Masai a Kan Ƙasarsu

Duk wanda ya san kiwo ya san burtali, watau hanyar da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki don su kai ga ciyawa da ruwa. To, namun daji ma suna da nasu burtalin, kuma a Gabashin Afirka da yawansa ta ƙasar Masai ya ratsa.

Su Masai makiyaya ne. Iyakar da Turawan Ingila da na Jamus suka shata a ƙarshen ƙarni na 19 ita ta raba su tsakanin Kenya da Tanzaniya. Dabba kuwa ba ruwanta da iyaka. Kowace shekara nyumbu, wata dabba mai kama da ɓauna, fiye da miliyan ɗaya sukan tashi daga Serengeti ta Tanzaniya su shiga Masai Mara ta Kenya. Haka nan giwayen Amboseli sukan bi ta Kitenden zuwa gindin Dutsen Kilimanjaro. Abin da ya bar irin waɗannan hanyoyi a buɗe shi ne Masai ba su saba yin shinge ba, kuma naman daji ba abincinsu ba ne.

Duk da haka, ƙasarsu raguwa ta yi ta yi. Yarjejeniyoyin 1904 da 1911 sun raba su da makiyayarsu mafi kyau a Kenya. A 1959 aka tashe su daga Serengeti zuwa Ngorongoro. A 2022 gwamnatin Tanzaniya ta keɓe murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo don namun daji, aka kori makiyaya, har aka zub da jini.

Gindin maganar dai kuɗi ne. Abin da 'yan yawon buɗe ido da mafarauta ke biya galibi baitulmali da kamfanoni yake tafiya, alhali makiyayin da zaki ya kashe wa saniya shi ke ɗaukar hasara: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don gyara wannan, a kewayen Masai Mara masu filaye sukan haɗa filayensu su ba masu masaukin baƙi haya, ana biyansu wata-wata, ana kuma barinsu su yi kiwo bisa tsari. Amma da annobar korona ta ɗauke baƙi a 2020, sai aka rage kuɗin hayar, raunin dabarar ya fito fili.

Abin lura shi ne, mai filin da bai ga amfanin giwa ba shinge zai kafa ko ya sayar wa manomi, burtali kuwa ya toshe ke nan. Saboda haka, kuɗin kare namun daji ba zai yi tasiri mai ɗorewa ba sai an fara tabbatar wa Masai mallakar ƙasarsu, an kuma zauna da su kafin a yanke shawara a kanta.