Kusurwa Mai Kaifi

In tela yana so ya yaga ƙyalle, ba ya kama shi da ja haka kawai. Sai ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi tukuna, sa'an nan ya ja, nan da nan ya yage. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin jan duka ya taru a wurin nan da aka tsaga. To, haka ƙarfe yake. Inda duk aka bar masa kusurwa mai kaifi, nan ne nauyi ke taruwa, nan ne kuma yake fara tsagewa.

A shekarar 1952 mutanen Ingila suka fara ɗaukar fasinja da wani sabon jirgin sama mai suna Comet. Cikin 1954 biyu daga cikin jiragen nan suka farfashe a sama, suka faɗa teku kusa da Italiya, mutum 56 suka hallaka. Masu bincike suka sa gangar jikin wani jirgin cikin babban tankin ruwa, suka yi ta matsa mata ruwa suna sassautawa, har ta tsage. Da aka duba, ashe daga wajen kusurwar wata taga tsagewar ta faro. Shi ya sa yau tagogin jirgin sama ba su da kusurwa.

A lokacin nan da fensir ake zana irin waɗannan abubuwa. Yanzu kuwa, kafin a ƙera mota ko kujera ko tukunya, injiniya yakan fara gina siffarta cikin kwamfuta. Yana iya jujjuya ta ya duba kowane gefe, kamar tana hannunsa. In ya gama, sai ya bi gefuna masu kaifi ya gyara su.

Hanyar gyaran iri biyu ce. Ta fari ita ce mulmulewa, watau a mai da gefen ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. Injiniya ya zaɓi gefen, ya rubuta awo, misali milimita 3. Sai kwamfuta ta yi lissafi kamar an gangara ɗan ƙwallo a bisa tsawon gefen, ta bi sawunsa. Ta biyu ita ce ferewa, watau a yanke gefen a karkace, yawanci digiri 45, kamar yadda ake fere rake. Domin haka ne ake fere bakin ƙarfen da ake ɗaura wa noti, don ya shiga ba gardama.

Amma aikin yana son hankali. In awon ya fi ƙarfin wurin, kwamfuta takan ƙi, gama ba a mulmula abu fiye da kaurinsa. Saboda haka gwanaye sukan bar wannan aiki sai ƙarshe, su fara da manyan gefuna kafin ƙanana.

Banda ƙarko, gefen da aka gyara ba ya yankan hannu, fenti kuma ya fi zama a kansa. Yaro mai lura, in ya shafa bakin teburinsa ya ji ba kaifi, ya san wani ne ya yi tunaninsa tun kafin a ƙera teburin.