Kwalin da Ake Bari a Ƙarƙashin Rumfa Bayan Kasuwa Ta Watse

Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwar kan iyaka, ko ya yi sammako washegarin ranar da ta ci, ya san abin da za mu faɗa. Motoci sun tashi, ƴan tireda sun naɗe tabarmi, ba abin da ya rage sai leda da ɓawon rake da kashin dabbobi. Can sai ka ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin wata rumfa. In ka leƙa, kwalin taliya ne, ko buhu an ɗaure bakinsa, a ciki kuwa ƴaƴan mussa huɗu ko biyar, wasu ko ido ba su buɗe ba. Wani lokacin ƴan kwikwiyo ne. Wanda ya kawo su ya shiga mota tun jiya da la'asar, mai yiwuwa ma ya tsallaka iyaka, zuciyarsa fes, don a ganinsa ai bai kashe ba, ya dai kai su inda abinci yake.

To, a kan wannan zato muke son mu tsaya yau, domin mu ƴan kasuwa mu ne muke kawo dabbobin nan da hannunmu. Mai mangazar masara ko ta wake, ɓeraye sun dame shi, sai ya roƙo mussa daga maƙwabta. Mai shagon yadi ko na kayan babur, an fasa masa sau ɗaya, sai ya samo kare ya ɗaure a bayan shago. Ba laifi a nan, kowanne aiki ya zo yi, kuma yana yi. Matsalar tana farawa ne ranar da mussar ta haihu. Cikin mussa wata biyu ne da ƴan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko sau uku a shekara, kuma ƴarta ma tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika wata shida ba. Cikin karya shi ma kamar kwana 63 ne, kuma haihuwa ɗaya tana iya zubo shida ko fiye. Mutumin da ya nemi dabba guda, kafin shekara ta zagayo sai ya ga goma a mangazarsa. Daga nan sai a nemo kwali.

Abin da mai kwalin bai tsaya ya gani ba shi ne abin da ke biyo baya. Ɗan mussa sabon haihuwa ba ya buɗe ido sai ya yi mako guda ko fiye. Jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, dole sai ya lafe jikin uwarsa, hasali ma ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashe shi. Ba ya cin tuwo, ba ya cin guntun nama, nonon uwa yake buƙata har kusan wata guda kafin ya fara taɓa wani abu, kuma bai kamata a raba su ba sai ya yi kamar wata biyu. Saboda haka abincin da ke zube a kasuwa, wanda aka ce don shi aka kawo shi, ba shi da wani amfani a gare shi. In lokacin ɗari ne, sanyin dare ɗaya ya isa. In bazara ce, rana ta gasa kwalin kafin azahar. Mai tausayi yakan zo ya zuba musu madarar gwangwani ko nonon shanu, ita kuwa gudawa take sa su, ta ƙarasa abin da yunwa ta fara. Mun sha ganin kiyashi sun lulluɓe wanda bai gama mutuwa ba, mun kuma ga yara sun mayar da su abin wasa, suna ja da igiya a wuya.

Babban kare shi ma bai tsira ba, ko da yake mutuwarsa ta fi jinkiri. Mun ga wannan sosai a lokutan da aka rufe iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Yamai kuma, takunkumin CEDEAO ya sake tsayar da zirga-zirga tsakanin Nijar da Nijeriya har zuwa Maris na 2024. Da yawa daga cikinmu sun kulle shago sun koma gida, ko sun tafi neman abinci wani gari. An kwashe kaya, an sallami mai gadi, shi kuwa kare aka kwance masa sarƙa aka ce Allah ya ba da sa'a. Karen da ya tashi a ɗaure, ana ajiye masa kwano safe da yamma, bai san yadda ake neman abinci a juji ba, bai san mota ba, kuma duk jujin da ya nufa yana da masu shi. Karnukan unguwa su yayyaga shi, yara su jefe shi, kaska da ƙazuwa su cinye fatarsa. Sai ka gan shi kwance ƙofar shagon da aka kulle, mako bayan mako, duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai.

Wani zai ce ai a ƙasar Turawa ma haka ake yi, kuma gaskiya ne. A Faransa, duk lokacin hutun bazara gidajen tara dabbobi cika suke yi da karnuka da mussoshin da masu su suka yar don su tafi yawon hutu, har dokar 2021 ta kai hukuncin yar da dabba zuwa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, wato kusan miliyan 30 na sefa. Sai dai su suna da gidajen da ake kai dabbar a ciyar da ita a nemo mata wani mai riƙo. Mu a nan abin da muke da shi juji ne da bayan mahauta.

Yanzu bari mu zo kan waɗanda ba su mutu ba, domin a nan ne maganar ta bar dabba ta dawo kanmu. Karen da ya jure ya rayu, shi ne yake zama karen da ba mai shi, ba wanda zai kama shi ya kai a yi masa allurar rigakafi, kuma yana haihuwa a cikin kwalbati yana ƙara yawa. Irin waɗannan ne ciwon haukan kare yake yawo a tsakaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin ɗari daga kare suke samunsa. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Mu duba su wane ne ke yawo a kasuwa da sassafe da bayan magariba: almajirai ne, da ƴan talla, da yaran da muke aika su ɗebo ruwa. Ciwon yakan ɗauki wata biyu ko uku kafin ya bayyana, wani lokacin mako guda, wani lokacin har shekara. Ciwon cizon ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi da firgita, a miƙa masa ruwa ya kasa haɗiya. In an kai wannan mataki, likita ba shi da abin da zai yi.

Ga kuma inda rashin mai kare yake cin kuɗi. In kare mai gida ya ciji mutum, ana iya tsare shi a zuba masa ido kwana 10 yayin da aka fara yi wa wanda aka ciza allura. In ya cika kwanakin lafiya lau, hankali ya kwanta. Karen da aka yar kuwa ya ciza ya shige cikin rumfuna, wa zai nemo shi? Dole a ɗauka mahaukaci ne, a yi allurar har ƙarshe. Ita wannan hukumar ta ƙiyasta kuɗin da ake kashewa a kan dalar Amurka 108, kimanin jaka 60 na sefa, kuma ba a kowace likita ake samun allurar ba, sau da yawa sai an tafi babban gari. Jarin wata mai ƙosai gaba ɗaya bai kai haka ba.

Abin da aka saba yi in cizo ya yi yawa shi ne a zuba guba a nama a watsa da dare. Da safe a tarar da gawarwaki, a ce an yi aiki. Mutuwa ce mai muni, dabba tana ta shure-shure, kuma guba ba ta tambayar wane ne mai hauka: karen gadin maƙwabci yana ci, mussar mangaza tana ci, ungulu ta sauka kan mushen ita ma ta bi su. Ungulun nan da muka taso muna gani jere a kan katangar mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma guba tana cikin dalilan. Bayan ƴan watanni kuwa jujin yana nan, abincin yana nan, wasu karnukan sun maye gurbi. Masana sun daɗe da cewa kashe karnuka ba ya tsayar da ciwon.

Abin da ya yi aiki an gwada shi a Njamena. A 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta, sama da 18,000 a shekarar farko, sama da 22,000 a ta biyu, aka kai kashi 70 cikin ɗari, wanda shi ne adadin da ake buƙata don a katse yaɗuwar ciwon. Aka yi watanni da dama a 2014 ba a ga kare mai ciwon ba a birnin. Daga baya ya dawo, da aka bincika kuma sai aka gano daga wajen birni aka shigo da shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da kullum muke kan hanya. Kare ba ya tsayawa a duwan, ba a tambayarsa takarda. Akwai kuma fataucin karnuka da ba kowa ke maganarsa ba: ana bin ƙauyuka da kasuwanni ana sayensu, har daga Nijar, a cusa su a keji a kai kasuwar Dawaki da ke jihar Filato, daga can a wuce da su kudancin Nijeriya inda ake cin namansu. Karen da ba mai shi, shi ya fi sauƙin shiga wannan keji, kwana da kwanaki ba ruwa ba abinci, in kuma yana ɗauke da ciwo ya tafi da shi.

Wani abin da ke hana mu kula shi ne ƙyamar kare da muka taso da ita, har mutum yana jin kunyar a gan shi ya ja kare zuwa wurin likitan dabbobi. Alhali malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, kuma kowa ya ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda mussar da ta tsare ta hana ta abinci, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin mamaki, mun san dandaƙar sa da ta bunsuru tun kaka da kakanni, amma bai taɓa zuwa ranmu ba cewa likitan dabbobi yana iya yi wa kare ko muzuru irin wannan aikin, yana kuma iya yi wa macen tiyata ta daina haihuwa.

Mu a ganinmu wannan aiki ne na sarakunan kasuwa da ƙungiyoyinmu, ba sai an jira magajin gari ba. Muna tara kuɗin gadi da na shara kowace ranar kasuwa. A gayyato ma'aikatan kiwo sau ɗaya a shekara su yi wa karnukan shaguna allura ba zai fi ƙarfinmu ba, kuma ranar 28 ga Satumba, da duniya ta ware don wannan ciwo, ta dace da hakan. Wanda mussarsa ta haihu ya bar ƴaƴan da uwarsu wata biyu, sannan ya yi cigiya a layin masu hatsi, inda ɓera bai bar kowa ya yi barci ba. Wanda zai kulle shago ya damƙa karensa hannun wani da sunansa kafin ya hau mota.

In kuwa kare ya ciji wani, ko ya karce shi, ko da mussa ce, kada a tsaya shafa toka ko barkono ko neman gashin karen a ƙona. A wanke wurin da ruwa da sabulu, ana zuba ruwa ana cuɗawa har minti 15, sannan a nufi likita a ranar, ko da ciwon bai fi ƙwayar gero ba.